Amshin Malam Ɗanmaliki

Bayan sallar azahar ne, hadari ya taru ta gabas tun hantsi amma ya ƙi zuba. Garin Kusada ya yi ɗumi irin na ƙarshen damina, gero duk ya sunkuyar da kai a gonakin bayan gari. Malam Ɗanmaliki na zaune a zaurensa kan buzu, laftof a cinya, iyafis a kunne guda. Ɗansa Bishir na tsaye a bakin ƙofa da takarda a hannu.

Shi Malam Ɗanmaliki tsohon malamin firamare ne, kuma yana rubuta waƙa tun yana saurayi. Idonsa ya tafi a hankali, har ya kai ba ya rabe komai sai haske da duhu. Yatsunsa dai ba su mance tafireta ba, don da kansa yake buga takardun makaranta a zamaninsa. Jikarsa Ummusalma, ɗiyar babbar 'yarsa, ita ta kawo masa tsohuwar laftof daga shagon da take aiki a Kankia, ta sa mata wata murya da ke karanta masa duk abin da ya rubuta. Muryar ta mace ce, Hausarta a karkace, shi ya sa ya raɗa mata suna 'Yar Bautar Ƙasa. Bai taɓa kashe na'urar ba. In ya gama sai ya rufe ta kamar littafi, a kai ta gidan maƙwabci mai sola ta sha caji.

Waƙar da ake magana a kanta ta manoma ce. Ƙungiyar manoman ƙauyen Bauranya suka roƙe shi, za su yi taro ranar Asabar, a raba ta a takarda, shi ya rera baiti jama'a su karɓa. Amshin layi guda ne, yana biye da kowane baiti: ƙasa ba ta cin amanar mai haƙuri.

"Baba, na sake bugowa," in ji Bishir. "Yadda ta fito jiya haka ta fito yau. Amshin na baitin farko, daga nan babu shi, sai can ƙasa ya leƙo sau ɗaya."

"Shina nan."

"Babu shi a takarda, babu shi a allon na'urar. Na duba da idona."

"Yanzun nan yarinyar ga ta karanta mani. Kowane baiti da nashi."

Bishir ya naɗe takardar. Ma'aikaci ne a ƙaramar hukuma, mutum ne mai son abu ya tafi a kan tsari. Tun watan jiya hankalinsa ba a kwance yake ba, ranar da tsohon ya kira shi Salman har sau biyu, sunan yayan shi Bishir ɗin da ya rasu da daɗewa. Bai gaya wa kowa ba, sai dai ya fara lura. Ya ga Baba na wuni da abu a kunne, yana gyaɗa kai, wani lokaci yana amsa wa wadda ba kowa ke jin ta ba.

"Na yi magana da wani likita a Katsina," ya ce. "Jibi zan kai ka ya duba ka. Mutanen Bauranya kuma in ce musu ba ka jin daɗi. Wannan abin na kunne a ɗan ajiye shi tukuna, zan tafi da shi."

Malam Ɗanmaliki ya zare iyafis ɗin ya miƙa wajen da muryar ɗansa ke fitowa.

"Ungo. Saurara da kunnenka."

Bishir bai karɓa ba. Ba raini ba ne. In ya sa a kunne ya ji shiru a inda tsohon ke jin amshi, bai san da wane baki zai faɗa masa ba. Hannun ya daɗe a miƙe, sannan ya koma.

"To kai ni wurin amaryata," in ji tsohon. Haka yake kiran jikar tasa. "In ta ce babu, ni da hannuna za ni ba ka na'urar, mu tahi Katsinar, mutanen Bauranya su nemi wani."

Bishir ya ga wannan ya fi sauƙi, ya ce to. Ya kama hannun mahaifinsa ya sa shi a gaban mota. Sai da suka yi nisa ya tuna caja na gidan maƙwabci, bai ga dalilin komawa ba. Tsohon ya rungume laftof ɗin a ƙirji, yana jin iskar hadari ta taga, sau ɗaya ya ce wannan ruwan in ya zo na wake ne, gero ya riga ya gama nasa.

Shagon na kusa da tasha a Kankia, ɗaki ɗaya da rumfar kwano a gaba. Mai shi Sylvanus ne, wanda ubansa ya zo daga kudu yana sayar da kayan mota, shi kuwa a nan aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Aikinsu buga takardu da hoton fasfo da tambayoyin jarrabawar makarantu. Ranar babu wuta, ƙaramin janareta na gefe a kashe, sai in za a buga abu ake tada shi.

Ummusalma ta hango su ta taso.

"Lale da angona! Yau da kanka? Ina tsarabata?"

"Tsarabarki rigima ce. Yarinyar da kika bar mani ana cewa ba ta nan, ni ke jin ta a kaina."

Ta dubi kawunta. Bishir ya kau da kai, ya miƙa mata takardar, ya yi bayani a gajarce da murya ƙasa-ƙasa, kamar tsohon ba ya ji. Sylvanus ya kawo kujera ya gaida Baba Malam, ya tambayi ruwa a Kusada.

Ummusalma ta buɗe laftof ɗin ta ƙara hasken allo, don tsohon a duhu yake barin sa. Ta bi waƙar daga sama har ƙasa. Yadda Bishir ya faɗa haka ne, amshi a baitin farko, sauran baitocin a jere ba komai a tsakaninsu. Fuskarta ta canza. Alamar caji ta yi ja a kusurwa.

"Kawu, ina caja?"

"Tana Kusada."

Sylvanus ya zazzage akwatin wayoyinsa, ya gwada wannan ya gwada wancan, babu wadda bakinta ya shiga.

"Ki kashe ta ki kunna mana," ya ce. "Rabin ciwon kwamfuta ke nan. In ta tashi sai mu ji abin da madam ɗin za ta ce."

Abin da suka saba yi ke nan a shagon, kullum. Ummusalma ta ɗora yatsa a kan maɓallin. Takardar na gefen hannunta, idonta ya faɗa kan baitin da ke kusa da ƙarshe, inda amshin ya sake leƙowa. Ta karanta a ranta, ta sake karantawa.

"Kaka, wannan na ƙasa ba irin na sama ba ne. Nan ka ce ƙasa ta karɓi amanar mai haƙuri."

"Shi ne abin da nake faɗa," in ji Bishir a hankali. "Ko inda ya tuna ya sa, bai sa daidai ba."

"Baitin wa ne?" in ji tsohon.

Ummusalma ta duba. "Na Malam Dabo."

"To Dabo ina yake yanzu? Bara muka kai shi makwancinsa. Mutumin da ya yi noma a Bauranya har bayansa ya lanƙwashe. Nan kaɗai na sauya, da gangan, in an zo wurin jama'a su ji."

Ummusalma ta ɗauke yatsanta daga maɓallin. Ta daɗe tana kallon allon, tana lissafin wani abu da leɓɓanta. Layi biyu suka tsira, na farko da wanda ba shi da ɗan'uwa. Ta miƙa hannu ta zare wayar iyafis daga jikin na'urar, ta ƙure sauti, ta danna inda tsohon ke dannawa in yana son a karanta masa daga farko.

'Yar Bautar Ƙasa ta fara, da Hausarta ta mai koyo, tana jan wasu kalmomi tana haɗiye wasu. Ta karanta baitin farko da amshinsa. Ta shiga na biyu, na ranar da ake shuka bayan ruwan fari. Bishir ya matso ya sa ido a allon yana bin layin da yatsa. Baitin ya ƙare, yatsansa ya sauka kan farkon na uku, muryar kuwa ta ce, ƙasa ba ta cin amanar mai haƙuri.

Ta gama na uku ta sake faɗa. Wani mai sayar da rake da ya tsaya a rumfa yana jiran a ba shi wuri ya leƙo yana saurare. Malam Ɗanmaliki na zaune hannuwa a gwiwa, fuskarsa a wajen ƙofa, bai ko gyaɗa kai ba.

"Kai!" in ji Sylvanus. "Aljana ce a ciki?"

"Ba aljana ba ce, Oga. Kowa ya ɗan yi mini shiru."

Ummusalma ta tsayar da muryar, ta rage hasken allo, ta soka filashi. Ta buɗe wani ɗan baƙin wuri tana rubutu da sauri, tana goge kuskure tana sakewa. Abin da take so shi ne ta kwashe rubutun da ke hannun muryar, ba wanda ke allo ba, ta zuba a filashin. Ta gama, ta zare, ta kai wa babbar kwamfutar shago. Kafin Sylvanus ya ja igiyar janareta allon laftof ɗin ya yi baƙi.

"Ta mutu?" in ji tsohon, don ya ji ƙaramar fankarta ta tsaya.

"Ta yi barci dai, angona. Waƙarka na nan."

Janareta ya kama a ja na uku. Suna jiran babbar kwamfuta ta tashi, Bishir ya zauna a bakin tebur.

"Ki yi mini bayani yadda zan gane," ya ce. "Ido ya ga babu, kunne ya ji akwai."

"Kawu, manhajar da Kaka ke rubutu a ciki ka ɗauke ta gidan haya. Akwai maigida, shi kaɗai ke da ikon taɓa rubutu, ya sa harafi ko ya goge. Sai 'yan haya, ƙananan manhajojin da muke ɗora mata, kowa da aikinsa. Ɗan hayan da ke son sanin abin da ake ciki sai ya ba da sunansa tun farko. To kafin maigida ya taɓa komai sai ya bi su ɗaya-ɗaya ya ce, zan taɓa daga nan zuwa nan. In ya gama ya sake zagayawa ya ce, na taɓa, ga yawan abin da na cire, ga abin da na sa a gurbinsa. Ko harafi ɗaya Kaka ya danna sai an yi wannan zagayen."

"Ita muryar 'yar haya ce."

"'Yar haya ce, ni na rubuta ta. Na'urar ta tsufa, in na ce duk harafi sai ta koma ta bi rubutun tun daga sama, Kaka zai danna ya jira kamar mai jiran mota a ƙauyen Fakuwa. Sai na sa ta kwafi rubutun sau ɗaya in an kunna, ta riƙe nata, daga nan duk abin da maigida ya gaya mata ta gyara a natan. Ba ta kallon allo. Abin da aka gaya mata take bi."

"To an goge layuka ba a gaya mata ba ke nan."

"Ba a gaya mata ba."

"Wa ya goge?"

Ummusalma ta dubi Sylvanus. Shi kuwa tun ɗazu yake sosa ƙeya.

"Baba Malam," ya ce, "wane maɓalli kake dannawa in za a kawo bugu?"

"Na can sama, na ƙarshe a dama. Amarya ta ce shi ke shirya takarda."

"Wayyo. Nawa ne." Ya zauna a kan akwatin wayoyi. "Malaman makaranta ke kawo mana tambayoyin jarrabawa, wannan ya kwafa daga na wancan, sai ka ga tambaya ɗaya ta fito sau uku a takarda, a dawo ana mana faɗa. Shi ne na rubuta ɗan abin da zai bi rubutu, duk layin da ya taɓa fitowa a sama ya cire shi, na ɗaura shi a maɓallin shirya bugu. Da na gwada sai ya yi ta jan ƙafa, don kowane layi aka cire sai an zagaya an sanar. Akwai yadda ake ce wa maigidan ya yi shiru, kada ya gaya wa kowa har a gama. Na sa masa wannan. Lokacin babu wata madam mai karatu a ciki, babu wanda zai damu."

"Ni kuma da zan kai wa Kaka ban cire ba," in ji Ummusalma. "Na ga yana gyara gefen takarda da kyau, ban duba sauran abin da yake yi ba."

"Ban taɓa kawowa wani zai maimaita layi da gangan ba," in ji Sylvanus.

"A cocinku ba ku amshi?" in ji tsohon.

"Muna yi, Baba, har da tafi."

"To."

Mai rake ya yi dariya daga rumfa. Sylvanus ma ya yi, yana girgiza kai.

Bishir bai yi dariya ba. Ya tambayi Ummusalma da an kashe an kunna ɗazu me zai faru. Ta ce da muryar ta sake kwafa daga allo, ta karanta waƙar babu amshi, kamar yadda takarda ta nuna. Ya gyaɗa kai, ya dubi laftof ɗin da ke rufe a tebur, ya dubi mahaifinsa.

"Wato ita yarinyar ba ta yi mani ƙarya ba," in ji Malam Ɗanmaliki.

"Ba ta yi ba. Labari ne bai kai mata ba."

"Allah sarki. Ta yi ta faɗin abin da ta sani, ba mai saurarenta sai makaho."

Kwamfutar ta tashi. Ummusalma ta buɗe abin da ta kwaso, waƙar ta fito cikakkiya, kowane baiti da amshinsa a ƙasa, na Malam Dabo da nasa daban. Ta gyara gefen takarda da hannu ba ta taɓa maɓallin Sylvanus ba. Firinta ta fara tari tana fitarwa. Sylvanus ya ce shi ma zai gyara nasa, in dai sai ya sa a yi shiru, to in ya gama ya sa maigida ya zagaya sau ɗaya ya ce daga nan zuwa nan an taɓa, kowa ya sake dubawa. Ummusalma ta ce ita ma tata za ta koya mata leƙa allo lokaci-lokaci ta gwada da abin da ke hannunta.

Aka kira la'asar. Sylvanus ya ciro tabarmar da yake ajiye wa abokan ciniki ya shimfiɗa a rumfa, ya kawo buta. Tsohon ya tuɓe takalmansa a bakin rumfar, Bishir ya zuba masa ruwa ya daidaita shi da gabas, suka yi salla. Suna cikin raka'ar ƙarshe iska ta taso, yayyafi ya fara buga kwano.

Bayan sun shafa Ummusalma ta kawo takardun a cikin leda, ta kawo laftof ɗin. Ta tsaya da ita a hannu tsakanin su biyun, ba ta san wa za ta miƙa wa ba.

"Ki ba shi," in ji Bishir. "Juma'a in kin tashi ki zo gida ki cire masa wancan abin. Kafin nan kada ya danna maɓallin nan na sama."

Tsohon ya karɓa ya shafa murfin ya ɗora a cinya.

"Jibi da wace sa'a za mu tahi Katsinar?" ya ce.

"Ina da aiki jibi."

"Asabar fa?"

"Asabar ba ni da komai. Ni zan kai ka Bauranyar."

Malam Ɗanmaliki ya gyaɗa kai. Ya juya wajen jikarsa ya ce amarya ta yi aiki yau amma har yanzu ba ta ba shi ko ruwan sanyi ba, ta ce ango da ya zo hannu rabbana ba shi da bakin magana. Sylvanus ya shiga ya kashe janareta.

Ruwan ya ɗan ƙaru, yana zubowa ta bakin kwano daidai inda takalman tsohon suke. Bishir ya tashi ya ɗauko su, ya kakkaɓe ruwan, ya goge cikinsu da gefen rigarsa, ya ajiye su a bakin tabarma ya juya su suna kallon waje. Da tsohon ya miƙe, ƙafarsa ta laluba ta same su kusa, ya zura ya gyara laftof ɗin a hammata, ya tambayi ta ina motar take.